Kifi Na Ganinku, Mutanen Jambutu

Taubashina ne ya ja mu. Shekara biyu ya yi yana aiki a Duwala, ya dawo Garwa da jakar hannu, da baƙin tabarau, da wata sabuwar ɗabi'a ta fara kowace magana da "a can". A can ruwan sama ba ya sallama. A can mutane ba sa barci. A can kifi ake ci, mu nan wahala muke ci. Ranar da ya ji an buɗe wani gidan abinci a Jambutu mai sayar da kayan teku, sai ya bi mu gida-gida yana gayya kamar mai aurar da 'yar fari. Jambutun Garwa nake nufi, kada mutanen Jimeta su zaci da tasu Jambutun nake, su zo mini da ƙorafi.

Ba zan faɗi sunan gidan ba, don har yanzu ta ƙofarsa nake wucewa. A allon da suka kafa an zana ƙaguwa mai murmushi, da jatan lande mai gashin baki kamar tsohon soja, da jirgin ruwa yana tuƙa hayaƙi. A ƙasa an rubuta wasu kalmomin Faransanci waɗanda in ka fassara su za su ba ka "'ya'yan itacen teku", kai ka ce a reshe ake tsinko su.

Tun daga wannan allo ya kamata mai hankali ya ja birki. Ina teku, ina Garwa? Tsakaninmu da Duwala ya haura kilomita 1,000. Kifin makaro da ake gasawa a irin waɗannan wurare daga ƙasashen waje ake shigo da shi, a daskare cikin kwali. Ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala, ya hau mota, ya ratsa Yawunde, ya iso Ngaundere, ya gangaro dutsen nan da ke sa direbobi salati, sannan ya shigo Garwa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 har ƙadangare ke neman inuwa. Duk cikinmu mu tara da muka zauna a teburin, babu wanda ya kai kifin yawon duniya, har da shi taubashin nawa. Alhali ga Binuwai nan kwance a ƙarƙashin gada, ga tafkin Lagdo bai fi kilomita 50 da 'yan kai ba. Amma ɗan Adam, abin da ke ƙofar gidansa ba ya yi masa kwarjini.

Muka zauna a kujerun roba, ƙarƙashin wata fanka mai juya kai hagu da dama kamar tana ba mu shawarar mu tashi. Yaron gidan ya kawo takardar abinci, shafi biyu, sunaye sun fi ashirin. Ƙaguwa? Ta ƙare. Kifin bar? Mota ba ta iso ba. Wancan mai dogon suna fa? Sai gobe. Aka ce masa, "To, me ke akwai?" Ya gyara tsayuwa ya ce, "Akwai komai, faturon." Komai ɗin nan shi ne makaro da jatan lande. Daga nan kuma duk tambayar da aka yi masa amsa ɗaya ce: yana zuwa. Awa ɗaya da minti arba'in yana zuwa, kamar ruwan farkon damina da ake ganin hadari kullum ba a ganin ɗigo.

Da ya iso, sai muka gane gara lokacin da yake zuwa. Bayansa ya ƙone ƙurmus, cikinsa kusa da ƙaya da sauran sanyin firigo. Naman ya saki, ya yi lagwaf kamar audugar da ruwa ya doka. Ga wani ƙarni da yaji da mayonez da Maggi suka taru suka yi masa taron dangi, amma suka kasa danne shi. Ruwa ba ya tsami banza: a garin da wuta ke ɗaukewa ta dawo yadda ta ga dama, kifin da ya narke ya sake daskarewa sau uku ba ya ɓoye tarihinsa. Jatan lande kuwa guda shida aka kawo wa mutum tara, kowanne bai kai farar da yara ke ci da yaji ba. Bobolo, wato rogon nan da ake jiƙawa a daka a naɗe cikin ganye, ya yi taurin da za a iya kora jaki da shi. Soyayyen agade ne kaɗai ba shi da laifi a farantin, shi ma zaman tare ya ja masa.

Ba a kan kifin zan yi dogon bayani ba, shi ya riga ya gamu da ƙaddararsa. Mutanen da suka kewaye shi su ne abin kallo. Abinci mai daɗi rufin asiri ne, kowa ya sunkuyar da kai, ba ka jin komai sai ƙarar cokali. Mummunan abinci shi ke tone halin kowa.

Mai gayya shi ya fara kai loma, kuma ina kallon fuskarsa. Ido ya kawo ruwa, maƙogwaro ya tsaya yana shawara da ciki, sannan da ƙyar ya haɗiye. Ya ajiye hannu ya ce, "Yauwa! Ainihin ɗanɗanon teku ke nan." Mai gayya ba ya taɓa yarda an cuce shi, domin a ganinsa ba kifin ake yi wa shari'a ba, shekara biyun da ya yi a Duwala ake tuhuma. Ka ce da ƙarni, ya ce sinadarin teku ne, shi ke ƙara wa mutanen kudu basira. Ka ce ciki bai gasu ba, ya ce a Japan ɗanye ma suke ci, ga su nan suna ƙera mota. Ka ce jatan landen sun yi ƙanana, ya ce ƙananan su ne masu tsada, manyan na 'yan yawon buɗe ido ne. Da ya ga fuskoki ba su saki ba, sai ya ɗauko tarihi. "Ku fa ba ku sani ba, ƙasarku ma sunan jatan lande gare ta. Da Turawan Fotugal suka shigo bakin kogin Wuri a 1472, yawan jatan landen da suka gani ya sa suka kira shi kogin jatan lande da harshensu, daga nan aka samo Kamaru." Wannan kam gaskiya ya faɗa. Sai dai na ce masa, "Ɗan'uwa, waɗanda Turawan suka gani da ransu suka gan su." Ya ce ni dama tun muna yara baƙin ciki nake yi masa. Tsakanin taubasai wannan ba zagi ba ne, gaisuwa ce.

Kusa da shi akwai Kawu, masanin kifi. Kowane teburi a Garwa yana da irinsa. Bai taɓa shiga kwalekwale ba, ruwan da ya wuce gwiwa bai san shi ba, ko gada zai haye sai ya matsa tsakiya saboda tsoron dorina. Amma in ana zancen kifi, Sarkin Ruwa ma sai ya zauna ya ɗauki darasi. Ya ɗaga kan makaron ya shinshina, ya girgiza kai, ya ce, "Wannan ba kifi ba ne, fasinja ne." Sai lacca ta ɓarke. Giwan ruwa shi ne sarki, namansa fari, ƙayarsa kaɗan. Karfasa ta fi daɗi a gashi in an tsaga mata gefe yaji ya shiga. Tarwaɗa sai a miya ko a banda. Kurungu kada ka raina shi don ƙanƙanta, romonsa ke tayar da mara lafiya. Tsage kuwa haƙoransa kaɗai sun isa gargaɗi. Ya gangaro kan Lagdo: yadda 'yan Sin suka fara ginin madatsar a 1977 aka gama a 1982, yadda tafkin ya jawo masunta daga ko'ina, Musgum da Kotoko da Hausawa, yadda hukuma kan rufe su na wata uku a damina don kifi ya samu ya hayayyafa. Duk wannan daidai ne, ban kama shi da ƙarya ba. Inda ake samun matsala shi ne in ya iso kan giwan ruwan da ya gani da idonsa a zamanin Ahijo. Bara da ya ba mu labarin, mutum biyu ne suka ɗauke shi. A daren nan mutum huɗu ne, da amalanke. In Allah ya kai mu baɗi, ina kyautata zaton sai an kira tirela. Ya ce ko a Argungu ba a taɓa fito da irinsa ba, shi da bai taɓa wuce Yola ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki da Kawu shi ne bakinsa na aiki biyu a lokaci guda. Yana kushe kifin yana yagar sa. Kafin a ankara ya tashi da sulusin faranti. Da aka dube shi, ya ce, "Bincike nake yi, yaro. In ban ci ba, ya zan san iyakar lalacewarsa?"

Malam kuwa jatan lande ya ɗaga ta gashin baki, ya kai shi kusa da fitila, ya juya shi gaba da baya. "Jama'a, wannan kifi ne ko ƙwaro?" Nan take teburi ya koma zauren karatu. Wani ya ce ai duk abin da ya fito daga ruwa halal ne. Malam ya ce haka ne a mazhabarmu ta Malikiyya, Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi. Aka ce to ai shi ke nan, bisimilla. Ya ce a'a, akwai abin da ake kira tsantseni. Mutumin da na sha gani yana cin fara da ƙafafunta har yana lashe yatsa, yau shi ne ƙwaro ke ba wa tsoro. Gaskiyar maganar, hancinsa ne ya ba shi fatawa tun kafin littafi, kunyar faɗa ce ta sa ya fake da malamai. Ya ce, "Halal ne, ba na musu, amma na bar wa mabuƙata." Ya ci agade ya sha folere, wato zoɓonmu. Washegari da aka yi ƙidayar waɗanda suka kwana suna sintiri tsakanin ɗaki da bayan gida, babu sunansa.

Na tsallake ɗan ƙanena, ga shi kuwa shi ya kamata in fara ambata, don tun kafin kowa ya ce bisimilla ya daka tsawa: "Kada wanda ya taɓa!" Ya hau kan kujera da waya, ya sa wani ya haska masa da tasa, ya gyara zaman lemon tsami, ya juya ɓangaren da ya ƙone ya koma ƙasa. Wallahi da na ga hoton sai da yawuna ya tsinke, ni da abin ke gabana ina jin warinsa. Ya ɗora a WhatsApp ya rubuta cewa Garwa ta zama Dubai. Loma biyu ya yi ya ture farantin. Amma hoton bai sauke ba, kuma kafin mu tashi mutum goma sha wani abu sun tambaye shi kwatancen wurin. A Lagdo mutum ke kama kifi da koma. A Jambutu kifi ke kama mutum, wayar ɗan ƙanena ce komarsa.

Muna da baƙo daga Najeriya, abokin cinikin Kawu, mutumin kirki mai yawan lissafi. Duk abin da aka ajiye sai ya tambayi kuɗinsa, ya buga a waya ya mayar naira, ya yi salati. Shi nasa ciwon tsoho ne. Ya ce rabonsa da Garwa tun Janairun 2022, lokacin gasar cin kofin Afirka, da ya zo filin Rumde Ajiya ya ga Super Eagles sun doke Masar da ci ɗaya, suka cinye wasanninsu uku na rukuni, har ya fara tambayar kuɗin mota zuwa Yawunde don wasan ƙarshe. Ranar 23 ga wata Tunisiya ta zura musu ɗaya, ya koma gida ko sallama bai yi wa mai masaukinsa ba. "Garin nan haka yake yi mini," in ji shi, "a fara da romo a ƙare da ƙaya." Da Kawu ya sake ambaton Lagdo, baƙo ya ajiye cokali. "Alhaji, don Allah bar zancen Lagdon nan. A 2012 kun buɗe ta, ruwa ya cinye mana gonaki tun daga Adamawa har ƙasa. Ruwan kun sako mana, kifin kun riƙe. Yau na zo da ƙafata in ci rabona, kun kawo mini na kwali." Babu wanda ya iya ba shi amsa.

Akwai kuma wanda tun a hanya yake sanarwa cewa shi ba ya cin kifi, rakiya kawai ya yi. Irinsu ba sa yin oda, ba sa shiga lissafi, sai dai "bari in ɗan taɓa in ji abin da kuke kuka da shi". Ku riƙe shi a rai, zai dawo.

Maƙwabcina Bafulatani shi ne ya fi kowa natsuwa. Ya gutsuri kaɗan, ya tauna a hankali, fuskarsa ba ta nuna komai ba, ko gira bai ɗaga ba. Ya ƙara guda don kada a ce ya raina, ya ce alhamdu lillahi, ya wanke hannu. Aka ce, "Modibbo, ƙara mana." Ya ce ya ƙoshi, dama da ya fito sai da ya ɗan taɓa wani abu a gida. Na san bai taɓa komai ba, tare muka fito. Fulaku ke nan: ko garwashi aka zuba masa a faranti, zai ce an gode, ya ɗan yi ɗumi.

Sai zakin teburi. Wannan shi ne gwanina, don shi ya ɗauki nauyin fushinmu gaba ɗaya. Tun lomar farko ya buga tebur har kwalaben lemon Top suka yi rawa. "Wannan cin mutunci ne! Mu za a kawo wa wannan? A kira mini mai gidan nan yanzu!" Yaro ya ce tana zuwa. Zaki ya ci gaba da gurnani. Ya san mutane a ofishin tsafta. Ya yi makaranta da wani na kusa da gwamna. Waya ɗaya zai buga gobe a wayi gari da kwaɗo a ƙofar nan. Ba don kuɗin ba, shi kuɗi ba ya gabansa, don gobe kada a yi wa wani. Ya nannaɗe hannun riga, ya ture hula gaba. Mu kuwa muna ta zuga shi: "Faɗa musu, Alhaji! Ai shiru-shirun ne ya sa ake raina mu." Har na fara tausayin matar da ban gani ba.

Sai ga ta ta fito daga wajen murhu, doguwa kakkaura, zufa na zuba, tana goge hannu da gefen zane, ɗaya hannun riƙe da ƙarfen juya kifi. Ta tsaya a kansa. "Faturon, an ce kana nemana. Ya abincin?"

Zaki ya dubi ƙarfen, ya dubi matar, ya mayar da hula daidai. "A'a, Madam, dama sannu da aiki zan ce miki. Kai, ana ƙoƙari. Ko za a ɗan ƙara mana yaji?"

Ta juyo gare mu. "Komai ya yi?"

Maza tara, da gemu da furfura, muka haɗa baki: "Ya yi, Madam. An gode."

Tana juya baya zaki ya ce, "Don dai mace ce." Kawu ya ce ai gara da aka yi haƙuri, mutunci ya fi kifi. Malam ya kawo zancen falalar danne fushi. Mai gayya ya ce, "Kun gani? Ku da kanku kun ce ya yi."

Muna cikin wannan sai wata Hajiya ta shigo da 'ya'yanta mata biyu, suka zauna a teburin da ke gefenmu. Daga ganin yadda ta ƙulle bakin gyale ka san 'yar kasuwa ce, irin waɗanda ke gane atamfar jabu daga ɗaya gefen titi. Ba ta karɓi takardar abinci ba. Ta ce wa yaron, "Ɗana, je ka kawo mini kifin in gan shi kafin ya hau wuta." Ya kawo a tire. Ta danna shi da yatsa, gurbin yatsan ya zauna bai taso ba. Ta buɗe kumatunsa, maimakon ja sai ga launin toka. Ta dubi idon, ya faɗa ciki ya yi hazo. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta san kowa a ofishin gwamna ba. Ta ce, "Mayar da shi. Wannan ya rasu tun kafin Sallah. Kira mini uwar ɗakinka." Da Madam ta zo, Hajiya ta ce, "'Yar'uwa, ni da ke duk kasuwa muke ci. Kawo mini na ƙasan, wanda kika ajiye wa mutanenki."

Muka saki baki muna jiran faɗa ya tashi. Madam ta fashe da dariya har da tafawa, ta shiga ciki ta fito da giwan ruwa, fari sol, ido tar kamar zai yi magana. Na Lagdo ne, da safen nan aka kawo shi. Da ya hau wuta, ƙamshin da ya taso ya sa duk muka yi shiru kamar an yi mana rasuwa. Kyanwar gidan, wadda tun zuwanmu ta shinshina ƙasan teburinmu sau ɗaya ta yi gaba, ta je ta zauna a gindin kujerar Hajiya ta naɗe wutsiya. Na ce a raina, ga masanin kifi na gaskiya, ba ta yi lacca ba. Da baƙonmu ya miƙa wuya ya tambayi yaron kuɗin na Hajiya, sai ga shi bai kai namu ba. Namu ai na teku ne, har da kuɗin motarsa muka biya.

To, me kuke tsammani teburinmu ya ce? Zaki ne ya fara, murya ƙasa-ƙasa: "Kai, matar nan ba ta da kunya." Kawu ya ce matan yanzu sai addu'a. Wani ya ce ai ko ba komai bai kamata ta tozarta mutane a gaban jama'a ba. Mu da aka tozarta a faranti muka ce an gode, mu ne masu kunya. Ita da ta faɗi gaskiya cikin ruwan sanyi, ta ci mai kyau, ta biya kaɗan, suka rabu da Madam suna dariya, ita ce mara kunya. Ni dai a ganina Madam ba muguwa ba ce, 'yar kasuwa ce mai karatun fuska. Kwalin da ya kwana uku dole wani ya cinye shi, kuma ba za ta kai wa mai danna kifi da yatsa ba. Tana ganin maza tara sun shigo bayan mai baƙin tabarau da daddare, ta san Allah ya kawo mata masu kwashe mata asara. Kunyar nan da muke taƙama da ita, a gidan suruki ado ce. A gidan da za ka biya da kuɗinka, ita ce ke sa a ajiye maka na jiya.

Ana cikin haka sai muka ji wani irin kakari. Mai rakiya ne, wanda ba ya cin kifi, ƙaya ta tsaya masa a wuya. Nan da nan teburi ya cika da likitoci. A buga masa baya. A'a, kada a buga, ƙara shigewa za ta yi. Ya sha ruwa. Ya sha manja. Wani ya ce a ɗora masa wata ƙayar a tsakiyar kai, haka kakarsa ke yi. Malam ya fara tofi. Ɗan ƙanena ya kunna waya zai ɗauka, sai da na buge masa hannu. A ƙarshe Hajiya ce, ba tare da ta juyo ba, ta ce a ba shi lomar bobolo ya haɗiye. Ya haɗiye, ido ya fito, ƙaya ta wuce. Ashe bobolon nan da muka raina magani aka kawo mana tun da wuri. Da ya samu numfashi, abin da ya fara cewa shi ne, "Shi ya sa ni ba na cin kifi."

Sai takardar kuɗi ta iso: jaka ashirin da huɗu, sefa 24,000. A nan ne ake ganin sauran halittun da ba su bayyana ba. Malam ya tuna bai yi shafa'i da wutiri ba, ya nemi buta. Wayar zaki, wadda ba ta yi ƙara ba, ta kira shi waje, muna jin sa yana "Alo? Alo?" har ya ɓace a duhu. Kawu ya shiga laluben babbar riga, aljihu bayan aljihu, a hankali kamar mai neman allura, yana satar kallon ko wani ya riga shi. Ɗan ƙanena ya ce kuɗinsa a waya suke, kuma ga shi sabis ya ɗauke, shi da yanzun nan ya gama tura hoto. Mai rakiya ya ce shi dai kowa shaida ne bai yi oda ba. Baƙo ya buga lissafi ya ce a garinsu wannan kuɗin buhun masara ne da canji, kuma ai baƙo ba ya biya. Mai gayya kuwa sai a lokacin ya bayyana mana cewa a can, in an ce gayya, kowa kansa yake ɗauka.

Da na kira yaron don a san yadda za a yi, sai ya ce an riga an biya jaka goma sha biyar. Wa ya biya? Ya nuna kujerar Modibbo, wadda ba mu ma lura ta zama wayam ba. Mutumin da ya ci loma biyu. Ni na cike sauran, raina na suya. Kawu, da ya ga hadari ya wuce, hannunsa ya fito daga aljihu da goro, ya kuma ce a ƙunshe masa ragowar kifin a leda, na kyanwa ne. Shekara ashirin ina shiga gidan Kawu, ban taɓa jin kukan kyanwa ba.

A hanyar komawa, ina bayan mai moto, wato ɗan acaɓa, na hango Modibbo a wajen mai tsire na bakin mahaɗa. Ya juya wa titi baya, ya fuskanci bango, yana aiki da hannu biyu. Na ce wa mai moto ya ƙara wuta, kada ya gan ni ya ce ya ƙoshi.

Saura mutum ɗaya ban faɗa ba, kuma shi ya fi ba ni haushi. Shi ne wanda ya zauna yana ƙirga laifin kowa, yana dariya a ciki, yana tsara yadda zai rubuta. Da Madam ta tare shi a ƙofa ta ce, "Faturon, sai yaushe?" ya washe baki ya ce, "Sai mun sake dawowa, Madam, Allah ya ƙara kasuwa." Ya zo gida ya sha kanwa, ya ɗauki alƙalami ya zama jarumi. Zaki ko ba komai ya buga tebur.

Jiya taubashina ya aiko cewa ya samu labari ƙaguwa ta iso, ranar Asabar za a koma. Mutum bakwai sun riga sun amsa, har da wanda ba ya cin kifi. Don haka ina roƙon duk wanda ya san Hajiyar nan mai danna kifi da yatsa, ya taimaka ya gaya mata muna neman rakiyarta ranar Asabar bayan sallar isha'i. Ta zo da 'ya'yanta, mu za mu biya.